Ki Je Ki Kawo Ubansa

Wata rana, Talata 12 ga watan Agusta, 2025, aka wayi gari da ruwan sama. Ba mai ƙarfi ba. Irin yayyafin nan ne da ba ya ɗaukewa, mutum ya rasa ko ya fita ko ya haƙura.

Na fita.

Akwai takardun da zan aika wa ƙanwata, kuma an ce lallai sai ta gidan waya. Na isa na tarar ma'aikacin da ke karɓar saƙo bai zo ba, ruwa ya tsare shi. Sai na samu benci a baranda na zauna.

A ɗaya gefen bencin akwai wata mata. Za ta ɗan girme ni. Mayafinta ruwan toka, takalminta na roba, ta rungume wata babbar ambulan a ƙirji don kada ruwa ya taɓa ta.

Muka gaisa, muka yi ya ruwa.

Can sai ta miƙo min ambulan ɗin.

"Hajiya, don Allah duba min adireshin nan ko na rubuta daidai. Idona ya fara gajiya."

Na duba. Sunan wani Alhaji ne, ciyaman na ƙungiyar magoya bayan wani kulob ɗin ƙwallo, sai lambar akwatin gidan waya. Nan cikin gari.

Na ce, "Daidai ne. Amma ai ofishin nan ko a ƙafa ana zuwa. Me zai hana ki ba yaro ya kai masa?"

Ta yi wani ɗan murmushi wanda bai kai ido ba.

"In yaro ya kai, aljihu zai saka ta. In kuwa ta akwati ta shiga, sakatare ne zai buɗe ranar taro, ya karanta a gaban kowa. Ƙa'idarsu ce. Ni kuma mutanen nan su suka koya min girmama ƙa'ida."

Ni ba mai shiga zancen mutane ba ce. Ƙwallo kuma, ban da cewa ana buga ta da ƙafa, ban san komai a kanta ba. Amma yadda ta furta kalmar ƙa'ida ya sa na gyara zama.

Ta yarda in rubuta labarinta, da sharaɗin kada in faɗi garin. Zan kira ta Maman Munzali. Kulob biyun da ke cikin labarin zan kira su Giwaye da Shaho, ba sunayensu ke nan ba.

Layin dogo ne ya raba garin biyu.

Wannan gefen na Giwaye ne, masu shuɗiyar riga. Tsallake na Shaho ne, masu ja. Tun kakanni haka ake, ɗan wannan gefen ba ya tafa wa na wancan.

Mijinta, Malam Tanimu, mai gyaran rediyo ne. Ta ce ba ta taɓa ganin mutumin da ke son wani abu kamar yadda yake son Giwaye ba.

"Ranar da suka ci, har da tsire ake shigo min da shi. Ranar da aka ci su, ko tuwo ba ya kallo. Na taɓa ce masa, Malam, in gobara ta kama gidan nan ana cikin wasa, sai an tashi za ka zo? Ya ce, haba, ai a hutun rabin lokaci zan leƙo."

Ta yi dariya. Ita ce dariya ta gaske guda ɗaya da na ji ta yi ran nan.

Malam Tanimu ne ya ƙirƙiro wata al'ada da suke kira rigar suna.

Duk ɗan ƙungiyar da aka yi wa haihuwar namiji, ranar suna da safe 'yan ƙungiya za su je da 'yar ƙaramar shuɗiyar riga ta jariri, a shigar da ita cikin gida. A sa wa yaro, in ta yi masa kaɗan a ninke a ajiye. Shekarar da ya cika bakwai, a wasan farko na kakar wasanni, ubansa zai kawo shi fili. Yaron ya riƙe hannun ɗan wasa su shiga tare, sannan ya je ya ɗaura rigarsa ta suna a shingen waya da ke bayan rumfar magoya baya.

Daga ranar ya zama ɗan Giwaye, har ya mutu.

Ta ce a lokacin shingen nan cike yake da 'yan rigunan jarirai, wasu rana ta kore musu launi, wasu sababbi, iska na kaɗa su.

Kowace ɗaya a cikinsu a kan kekenta na ɗinki aka ɗinka ta.

Munzali shi kaɗai ne ɗan da Allah ya bar musu. Tasa rigar sunan, uban ya sa ta a leda ya ajiye a ƙasan akwati. Lokaci zuwa lokaci sai ya ciro ta ya nuna masa, ya ce, "Ka ga wannan? Saura kaɗan."

A shekarar da yaron zai cika bakwai Malam Tanimu ya kwanta ciwo. Bai tashi ba.

Cikin maganganunsa na ƙarshe ya ce mata, "Ki tabbata ya ɗaura rigarsa."

Wasan farko na kaka ya zo bayan ta fita takaba. Ƙanin mijinta yana can kudu, ba mai zuwa ba ne. Ta ce ba ta taɓa taka filin ƙwallo ba a rayuwarta, amma ta yafa mayafi ta kama hannun ɗanta.

Yaron ko karin kumallo bai iya ci ba don doki. Tun a hanya yake ta duba ledar, wai ko rigar ta faɗi.

A bakin ƙofar fili yara sun yi layi, kowanne da ubansa tsaye a bayansa. 'Yan wasa goma sha ɗaya, yara goma sha ɗaya. Munzali na cikinsu. Ita kaɗai ce mace, sai ta ja gefe ta tsaya jikin bango.

Sai ga ciyaman, Alhaji Barau, ya iso da wani babban baƙo daga birni. Baƙon na tare da ɗansa, yaro mai ƙiba cikin rigar kanti, wanda ko sunan mai tsaron gidan Giwaye bai sani ba. Baƙo ya ce yana so ɗansa ma ya shiga da 'yan wasa.

Dole a cire ɗaya.

Ciyaman ya bi layin da kallo daga farko har ƙarshe. Idonsa ya tsaya a kan yaron da babu namiji a bayansa.

"Kai, fito."

Ta matso da sauri. "Alhaji, ɗan Malam Tanimu ne. Ga rigarsa ta suna a hannunsa."

"Na san ɗan wane ne. Ƙa'ida ita ce uba ke kawo yaro. Ina ubansa?"

"Alhaji, ai da kai aka ɗauki makararsa."

"To ki je ki kawo shi. In ya zo, sai yaron ya shiga."

Wasu suka yi dariya.

Wasu suka sunkuyar da kai suna kallon takalmansu.

Babu wanda ya ce uffan. Maza goma, kowanne ɗansa na riƙe da rigar da ta ɗinka da hannunta.

Munzali bai yi kuka a wurin ba. Ya fito daga layi, ya tsaya kusa da ita, ya ƙanƙame ledarsa. Suna kan hanyar gida suka ji fili ya ɗauki sowa, an shiga da yara.

Sai ya ɗago kai ya ce, "Umma, Ciyaman bai san Baba ya rasu ba ne?"

Ta ce, "Ya sani."



Da abin ya tsaya a nan, ta ce wataƙila da ta haɗiye. Amma yaran da ke layin sun ji. Kafin mako ya zagayo maganar ta zama waƙa a unguwa. In Munzali ya fito da ƙwallon robarsa, sai a ce, "Je ka kawo babanka!" In ya je ɗebo ruwa, "Je ka kawo babanka!"

Ya daina fita. Ya koma zama a gindin kekenta yana tsince mata ƙyallaye.

Ba a jima ba sai ga ɗan aike daga ƙungiya. An yi wa wani haihuwa, a ɗinka rigar suna kamar yadda aka saba.

Ta ce, "Ka ce musu keke ya lalace."

Keken na bayanta, zare a jikinsa.

Ba su sake aikowa ba. Ta ji labarin ciyaman ya ce ai dama wahala ce, yaron unguwar nan ko an ba shi riga ko ba a ba shi ba na Giwaye ne, ina zai je?

Washegari ta tsallaka layin dogo ta sayo jan yadi.

Na ce, "Ja?"

Ta ce, "Ja wur, Hajiya."

Sunan farko da ta je da shi na maƙwabciyarta ne, wadda mijinta ɗan Giwaye ne na gaba gaba. Ba riga kaɗai ta ɗinka ba. Riga da wando da hula, ga ɗan ƙaramin shaho da ta zana da zare a ƙirji. Ta ninke ta sa cikin kayan barka ta shiga cikin gida.

"Su maza a ƙofar gida suke tsayawa, su yi addu'a su ci goro su watse. Wa ke sa wa jariri kaya? Mu ne."

Mata suka yi ta juya kayan suna yabawa. Aka sa wa jariri, aka ɗauki hoto. Da yamma mai gidan ya shigo ya ga ɗansa cikin ja, ya fara faɗa.

Mai jego ta ce, "In ba ka so, kawo shuɗin in sa masa. Yana ina?"

Ya juya ya fita.

Daga ranar ba a sake yin suna a unguwar ba ta je ba. Wanda ta sani da wanda ba ta sani ba. In yaro ya girma rigar ta matse shi, sai ta aika da wata babba. Da Sallah in an kawo mata ɗinki, sai a tarar da 'yar jar hula a cikin leda, kyauta.

Kuma ba ta ware maza ba.

"Giwaye ba su taɓa kai wa 'ya mace riga ba, wai mace ba ta zuwa fili. Ni kuwa ko 'yan biyu mata aka haifa, ja biyu nake kaiwa. Su ne yayyen da za su goya ƙanne. Su ne iyayen gobe."

Shi kuma Munzali, wata Asabar ta sake yafa mayafi ta kama hannunsa, suka tsallaka zuwa filin Shaho. Duk tsallake an san Malam Tanimu, kuma ba da alheri ba.

Shugaban magoya bayansu ya dubi yaron ya ce, "Ɗan wa?"

Ta faɗa.

"Tanimu? Tanimu mai rediyo, wanda ya shekara da shekaru yana ce mana kajin tsallake?" Ya juya ya ƙwala wa mutanensa kira. "Ku zo ku ga ikon Allah! Ɗan Tanimu a ƙofarmu!"

Ta ce ta ɗauka kora ce. Sai ta ga mutumin ya cire hularsa ya yi wa mamaci addu'a, sauran suka shafa. Sannan ya ɗaga yaron ya ɗora a wuyansa ya shiga da shi.

Babu wanda ya tambayi ina ubansa.

Munzali ya fara fita waje. Da farko shi kaɗai yake tsallakawa ranar wasa. Daga baya ya ja yaro ɗaya, ya ja biyu. Da ya zama saurayi sai tsakar gidansu ya koma matattara. Duk ranar wasa yaran unguwa su taru, ta dama musu zobo a babban bokiti, su sha harshensu ya yi ja kamar rigarsu. Munzali ya jera su, ya tsallakar da su layin dogo hannu da hannu, in an tashi ya mayar da kowa ƙofar gidansu.

Iyaye mata suka samu sauƙi. A ƙofar Giwaye kuwa, yaron da ya je ba tare da babba ba da bulala ake korarsa.

Yaran da suka yi wa Munzali waƙa, ƙannensu duk a bayansa suka girma.

Na tambaye ta ko mazan ba su lura ba.

Ta ce, "Sun lura mana. Cewa suke yi yarinta ce, in sun girma za su dawo gida. Suna ta jira."

Shekaru suka yi ta tafiya. Rumfar Giwaye ta fara furfura. Shingen nan ya yi tsatsa, tsofaffin rigunan suka ruɓe suka zube ɗaya bayan ɗaya, ba a ɗaura sababbi ba.

Ana nan sai 'yar Alhaji Barau, wadda aka aurar a cikin unguwar, ta haifi namiji. Aka sa masa Fa'izu.

Maman Munzali ta dube ni.

"Hajiya, ban taɓa ɗinki irin wannan ba. Yadin ma sai da na zaga kasuwa na zaɓo. Shahon da na zana masa har da farce."

Fa'izu ya taso cikin ja. Yanzu shi ne ke ba da waƙa a cikin yaran Shaho. Ranar da kulob biyun suka kara aka ci Giwaye, an ce ya samu kakansa zaune a ƙofar gida cikin abokansa, ya ce, "Tsoho, yau ma an ci ku. Ku riƙa saya wa 'yan wasanku sanda mana, irin taka."

Wasan jika da kaka ne, babu damar fushi. Alhaji ya yi yaƙe, abokansa suka yi yaƙe. Kowanensu yana da irin wannan jikan a gida.

Bana abin ya kai inda ya kai.

Ɗan kasuwar da ke ɗaukar nauyin Giwaye ya zo kallon wasa. Ya duba rumfa ya ga dattawa sun bazu nan da can, wasu na gyangyaɗi. Ya ce shi ba zai ci gaba da riƙe kulob ɗin da ba shi da gobe ba. Ya sa ranar iyali a wasan farko na kaka mai zuwa. In ya zo ya ga rumfa cike da yara da iyayensu, zai ci gaba. In bai gani ba ya cire hannunsa, kuma kowa ya san ranar da ya cire hannu Giwaye sun rushe.

Ciyaman ya tara 'yan ƙungiya ya ce kowa ya kawo 'ya'yansa da jikokinsa. Aka sayo shuɗayen riguna aka raba gida gida.

Yara suka ƙi sawa. Wasu da kuka, wasu da gudu. Wata 'yar yarinya an ce ta sa tata ta goge wa babanta babur.

Sai a lokacin wani ya gaya wa Alhaji Barau inda maganar take.

Makonnin baya ya yi sallama a ƙofar gidanta. Ya tsufa, yana dogara sanda. Ta sa aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, ta tsaya daga ciki.

Da can matar Tanimu yake ce mata. Ran nan cewa ya yi, "Hajiya Maman Munzali."

Ya ce, "An ce yaran unguwar nan maganarki suke ji."

"Ni? Ni tela ce, Alhaji."

"Kulob ɗin mijinki zai mutu."

"Allah ya ji ƙan mijina."

Ya ce za su sa wa rumfar sunan Malam Tanimu. Ya ce Munzali, ko da yake yanzu magidanci ne, shi zai fara shiga fili ran nan ya ɗaura rigarsa, tunda an ce bai samu ɗaurawa ba. "Rana ɗaya kawai, Hajiya. Ki ara mana yaran rana ɗaya."

Ta ce, "An ce bai samu ɗaurawa ba? Alhaji, ka tuna abin da ka gaya min a bakin ƙofa?"

Ya ɗaga kai yana tunani. Ta ce ta zuba masa ido sosai, ko za ta ga alamar yana ɓoyewa ne.

Ya ce, "Wace ƙofa?"

A nan ta juyo ta dube ni.

"Hajiya, wallahi da ya tuna, ko da cewa ya yi shaiɗan ne, da na yi tunani. Maganar da ta hana ɗana fita waje. Maganar da nake kwana da ita nake tashi da ita. Shi ko a ransa ba ta zauna ba."

Ta ce masa ya je, za ta ba shi amsa a rubuce.

Rubutun bai ba ta wuya ba. Aikawar ce ta gagara. Ta zo gidan wayar nan a baya ta juya daga bakin ƙofa, saboda duk sanda ta taho sai ta ji muryar mijinta yana cewa ki tabbata ya ɗaura rigarsa. Ga dama ta zo har gida. Kalma ɗaya za ta faɗa wa matan unguwa, rumfa ta cika, wasiyya ta cika, kulob ɗin da ya so ya rayu.

Sai ta kira Munzali ta ce ya yanke, tunda shi aka yi wa.

Ya zo ya zauna kusa da ita. Sannan ya ce, "Umma, har yau in na jera yara za mu tsallaka, wanda babu kowa a bayansa nake fara nema in sa shi a gaba. Baba ya ce in ɗaura riga a shingen Giwayen da ya sani. Waɗannan ba su ba ne."

Ba ta riga ta liƙe ambulan ɗin ba. Ta buɗe ta nuna min.

'Yar shuɗiyar riga ce, ba ta fi tafin hannuna biyu ba. Inda aka ninke ta ya yi fari. Sai takarda guda, rubutu manya manya. Ta ce in karanta.

"Zuwa ga Ciyaman da dukkan 'yan ƙungiya. Assalamu alaikum. Na samu saƙonku na neman yara. Ranar da na kawo muku guda ɗaya, Ciyaman ya ce ƙa'ida ita ce uba ke kawo yaro, in je in kawo ubansa. Har yau ban samu ikon kawo shi ba. Ranar da ya zo, yaran za su zo. Ga rigar da aka hana ɗaurawa. Wanda ya yi dariya ran nan a cikinku ya ɗaura ta. Waɗanda suka yi shiru su riƙe masa shingen. Daga matar marigayi Tanimu."

Na ninke na mayar mata.

Daga ƙarshe na ce, "Yaya, ba kya ganin yafiya ta fi? Mutumin ya tsufa."

Ta ce, "Abin da ya yi min ni, tsakanina da Allah na yafe. Na yaron ba nawa ba ne balle in yafe. Su kuma yaran unguwa ba kujerun biki ba ne da za a ara a mayar. Sun samu inda ake sonsu."



Sai ga ma'aikacin ya iso, ya jiƙe sharkaf, yana karkaɗe hula yana ba mu haƙuri. Ya buɗe taga. Na ce ta fara, ita ta riga ni zuwa.

Ya ɗora ambulan a sikeli ya duba adireshi. "Mama, cikin gari? Ai da kin ba ni na kai miki in na tashi."

"A'a, ɗana. Ta akwati nake so ta bi."

"To me ke ciki haka, ba nauyi?"

"Kayan jariri ne."

"Ah, barka! Allah ya raya."

Ta ce, "Ya rayu."

Gam ɗin da ke kan teburin ma'aikacin ya bushe. Ina da nawa a jaka saboda takarduna, na miƙa mata. Ta liƙe bakin ambulan ɗin, ta bi shi da yatsa a hankali kamar mai danne kalmasa. Ta manna kan sarki.

Ta taka zuwa akwatin da ke jikin bango. Ta sa ambulan ɗin a baki, rabi ciki rabi waje, ta tsaya.

Na ga leɓenta na motsi. Ina jin addu'a take yi wa mijinta.

Sannan ta saki.

Ko ƙara ba ta yi ba da ta faɗa.

Ta gyara mayafi, ta ce min, "Na gode, Hajiya, a gai da gida." Ta shiga cikin yayyafin ba ta waiwayo ba.

Darasi:

Ban ce duk abin da ta yi daidai ne ba. Na dai faɗi abin da na gani da abin da na ji.

Amma ku da ke riƙe da ƙofa, ko ta filin ƙwallo ce, ko ta makaranta, ko ta wata ƙungiya, ku sani ba ku mallaki yaran mutane ba don kawai an haife su a unguwarku. Yaro yana zuwa inda aka buɗe masa ne, kuma ba shi kaɗai yake tafiya ba. Da ƙannensa yake tafiya, da abokansa, wata rana har da jikokinku.

In dole sai kun cire wani daga layi, kada ku zaɓi wanda kuka ga babu kowa a bayansa. Ku dubi jikin bango. Uwarsa na tsaye, tana ji, kuma ita ba za ta manta da ƙofar ba ko ku kun manta.

Wanda ya yi shiru ran nan ma, da shi aka yi.

In kun san wani mai tsaron irin wannan ƙofa, ku tura masa wannan ya karanta tun yaron yana cikin layi.